Tukwanen da Gwaggo Ta Fasa

Tun kafin ta cire takalmi Raliatou ta ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Gidansu, can saman wani dogon bene a Bobigny, gefen Paris, bai san wannan warin ba. Turaren wuta ya sani, da miyar kuka. Ta saki ledar cefanen da ta yo a kasuwar Barbès nan bakin ƙofa, ta nufi falo da sauri.

Gwaggo Sahadatou, yayar babanta, tana zaune dirshan a ƙasa, ta naɗe hannun riga, wuƙar kicin a hannunta. Ta shimfiɗa tsohon zane, a kansa tukwanen furannin Raliatou ne a farfashe. Ƙasa da tsakuwa sun watsu har ƙarƙashin kujera. Jajayen furanni sun zube, wasu an tattake su.

"Gwaggo!"

"Yauwa, gara da kika dawo. Zo ki tsaya, a gabanki zan fito da shi."

"Da me?"

"Da abin da yaron nan ya binne miki."

Raliatou ta dafa bango.

Kariya ce a tukwanen, itacen nan mai kumburarren gindi da ke tsirowa a bayan garin Damagaram ba mai kallonsa. Sai dai waɗannan gajeru ne, ba su wuce taƙi ba, amma furanni sun rufe kansu ruf. Masoyinta Hassoumi ne ya rene su da hannunsa a gonar furannin da yake aiki kusa da Lyon. Duk zuwan da ya yi Paris sai ya riƙo mata ɗaya. Ita kuma ta jera su a baranda, tana juya su su sha rana ta kowane gefe, tana taɓa ƙasar da yatsa kafin ta ba su ruwa, kamar yadda ya koya mata. Saurin da take yi ke nan yau: an ce sanyi zai sauko, tana so ta shigo da su gindin taga.

Tun bara Hassoumi ya zo gaida Baba da maganar aurenta. Alhaji Maazou ya karɓe shi, ya dubi faratansa da ƙasa ta rina, ya ji cewa mutumin Tahoua ne kuma sana'arsa shuka fure, ya ce a dakata. Ana cikin dakatawar Gwaggo ta iso daga Damagaram don a yi mata aikin ido, ta iso da tata maganar. Ɗanta Abdourahamane, wanda ke riƙe wa Baba shagon waya a Barbès, shi ya dace da Raliatou.

"Gwaggo, don Allah ki ajiye wuƙar."

"Na tone ƙasar kaf ban samu ba," in ji Gwaggo, tana haki. Ta ɗaga babbar cikinsu, saiwoyinta na reto. "To a nan ya ɓoye shi. Wane irin itace ne ɗan mitsitsi da tumbi kamar mai juna biyu?"

"Ruwa yake ajiyewa a ciki. Haka Allah Ya yi shi."

"Haka yaron ya gaya miki. Mace mai hankali, mai aiki a farmasi, ta kusa talatin, ta tashi da asuba ta tsugunna gaban itace tana masa hira? An kawo miki ɗan'uwanki, jininki, kin kau da kai. Wannan ba banza ba, Raliatou. Laya ce, ko ƙulli, yau sai na gani."

Ta danna wuƙar cikin gindin, ta tsaga shi biyu. Babu komai sai farin nama, da wani ruwa mai yauƙi da ya biyo wuƙar ya wanke mata yatsu.

Gwaggo ta ƙura wa abin ido. Gumi ya gangaro mata daga goshi. Ta ɗaga hannu za ta share.

"Gwaggo, kada ki taɓa idonki!"

Ta riga ta taɓa. Idon dama, wanda aka cire wa yana makon jiya.

Ihun da tsohuwar ta yi, Raliatou ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta ciccibe ta zuwa kicin, ta kafa kanta ƙarƙashin famfo, tana riƙe fatar idon da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben waya. Gwaggo tana fizge-fizge tana kiran sunan Allah, tana cewa, "Ya makantar da ni! Na ce muku, ya makantar da ni!"

*

A barandar asibiti Baba ya same ta. Ya taho daga shago ko hula bai gyara ba, Abdourahamane na biye da shi.

"Me likita ya ce?"

"Ya ce ruwan itacen ya ƙone saman idon. Sun wanke, sun ɗaure. Sai an buɗe za a san in zai gani."

"Ɗayan idon kuma yanar ta riga ta rufe shi."

"Eh, Baba. Inuwa kawai take gani da shi."

Alhaji Maazou ya zauna a kujerar ƙarfe, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba, shi ya sa Raliatou ta fi tsoron shirunsa.

"Kin san yana da dafi?"

"Na sani."

"Kika ajiye shi a gidana."

"Baba, ba ya cutar da kowa sai an yanka shi. Ban zaci..."

"Yayata ce. Ita ta goye ni. Na ɗauko ta daga gida don ta samu ido, yanzu in maida ta da sanda?" Ya ɗago. "Tun rasuwar uwarki ban taɓa ce miki dole ba. Kika ce karatu, na bar ki. Kika ce aiki, na bar ki. Yau ma ba zan ɗaura miki aure da wanda ba ki so ba. Amma sunan yaron nan ya fita daga gidana. Ki gaya masa da bakinki."

"Baba..."

"Na gama."

Ya tashi ya shiga wurin Gwaggo. Raliatou ta kifa kai a gwiwa, kukan da ta danne tun a kicin ya ƙwace mata.

Ta ji mutum ya zauna kusa da ita, ƙamshin turarensa ya riga shi. Abdourahamane ne, ya miƙo mata hankici.

"Ki daina, Rali. Ya isa, ki daina."

"Ka yafe mini. Ba don ni ba da Gwaggo ba ta..."

"Ni ban ɗora miki ba." Ya juya zoben azurfarsa. "Amma ki duba. Kawu ya yi fushi, Inna na kwance, dangi a gida za su ji kafin la'asar. Kalma ɗaya za ki faɗa duk wannan ya lafa. Ni na san yadda zan lallashi Inna. Za ta ce ƙaddara ce."

Raliatou ta ɗago jajayen idanunta. "Yanzu, Abdou? Innarka na ciki da ido a ɗaure, yanzu kake wannan maganar?"

"Yaushe zan yi ta? Kullum in na zo kina baranda. Na daɗe ina jira, ke ma kin sani."

Ba ta karɓi hankicin ba.

*

Washegari Lahadi, tun da farar safiya ta tattara ragowar kariyar a jakar cefane, ta ce wa Baba za ta je ta isar da saƙonsa. Bai ce ta tafi ba, bai ce kada ta tafi ba.

A cikin jirgin Lyon ta kasa zama. Ta tashi ta tsaya tsakanin taragu, ta dawo, ta sake tashi. Ta buɗe jakar, ta rufe. Gonaki na wucewa ta taga, raɓa ta daskare ta yi musu fari. Ta shirya maganar da za ta yi, ta rushe ta, ta sake shiryawa. Za ta miƙa masa jakar. Za ta ce, "Baba ya ce a'a." Ba za ta zauna ba, ba za ta dube shi ba.

Ba ta tsaya a unguwar Guillotière inda yake haya ba, don ta san Lahadin nan shi ke da ban ruwa. Ta hau bas zuwa bayan gari, ta sauka a bakin gonar.

Cikin gidan gilas ta same shi. Ɗumi ya buge ta tun daga ƙofa, kamar ta shiga wata ƙasa. Tebura ne a jere har ƙarshen ɗakin, cike da ƙananan tukwane, ja da fari da ruwan hoda. Hassoumi ya sunkuya kan wata da ɗan burushi a hannu, yana ɗebo garin fure daga wannan ya kai wa waccan. Aikin da ya ba rayuwarsa ke nan: haɗa gajeru da gajeru, har a samu wadda za ta yi fure tana ƙarama, ta zauna a tukunyar taga lokacin sanyi, in rani ya zo a fita da ita lambu.

Ya ɗago ya gan ta. Murmushin ya fara, bai ƙarasa ba.

"Raliatou? Lahiya? Mi ya hwaru?"

In hankalinsa ya tashi, Hausar Adar ce ke fito masa tsantsa.

Ta miƙa masa jakar kamar yadda ta shirya. Sauran shirin ya watse. Ya buɗe, ya ga tsagaggen gindi da karyayyun rassa, ya dube ta.

"Wa ya yi haka?"

"Gwaggo. Ta ce ka binne mini asiri."

Ya yi wata 'yar dariya ta mamaki, ta mutu nan take da ya ga fuskarta.

"Ruwan ya shiga idonta, Hassoumi. Idon da aka yi wa aiki."

"Innalillahi." Ya ajiye jakar a hankali. "An wanke da wuri?"

"Na wanke. An ɗaure. Ba a sani ba tukuna."

"Laihina ne."

"Ba laifinka ba ne."

"Nawa ne. Na ce miki ki riƙa sa safar hannu in za ki yi mata aski, ban ce ki gargaɗi mutanen gida ba. Kowace tukunya da ke fita daga nan da gargaɗi a jikinta. Naki na cire, don kada su yi kama da na sayarwa."

Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. Ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya sa safa, ya fara fito da gutsattsarin yana jerawa a tebur.

"Baba ya aiko ni," in ji ta.

Bai ɗago ba. "Na ji."

"Ba ka ji ba, ban faɗa ba tukuna."

"Kin taho tun daga Paris da sassafe ba ki kira ni ba. Na ji, Raliatou."

Ya ɗauki wuƙarsa, ya goge ta da alkol mai kashe ƙwayar cuta, ya shiga yanke inda naman ya fara baƙi. Yana yanka siriri siriri har ya kai fari tas, sannan ya barbaɗa garin gawayi a kan ciwon.

"Ka bar wannan ka saurare ni!"

"Ina saurare."

"Ya ce sunanka ya fita daga gidansa. Ya ce in gaya maka da bakina." Ta kau da kai. "Ga shi na gaya maka."

"Ke kuma mi kika ce?"

"Me zan ce? Da ka ga fuskarsa jiya! Mutumin da ya rene ni shi kaɗai, ya koyi kitso saboda ni. Bai taɓa roƙona komai ba sai jiya. In ce masa a'a, yayarsa na kwance?"

"Ban ce ki ce a'a ba."

"To ka ce wani abu mana! Ka yi fushi, ka zage ni, ka ce na yaudare ka. Kana tsaye kana shafa wa itace magani kamar ba da kai ake ba!"

Ya ajiye wuƙar. Ya dafa teburin.

"In na daina, faɗuwa zan yi," ya ce a hankali.

Ta zauna kan kujerar da ta ƙi ɗazu, ta rufe fuska da mayafi. Ya bar ta ta yi kukanta. Can wani wuri famfon ban ruwa ya kunna kansa, ya yi ta feshi.

"Abdourahamane ya yi miki magana?"

Ta gyaɗa kai.

"Kina son shi?"

"Ka san amsar."

"Za ki aure shi?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na gaji, Hassoumi. A gida ana kallona kamar marar lafiya. In na yi dariya a waya, Gwaggo ta tofa addu'a. In na shigo da tukunya, Baba ya tashi ya bar falon. Abu ɗaya nake da shi a gidan nan da yake nawa, shi ne barandar, yanzu ita ma babu komai."

"Ba duka suka mutu ba." Ya nuna teburin. "Babbar ta tahi, an raba zuciyarta. Amma rassanta zan ɗaura su a kan wani gindi, irin ba zai ɓace ba. Waɗannan biyun saiwa kawai suka rasa. A bar ciwon ya bushe a inuwa, sannan a sa su cikin yashi da tsakuwa, tukunya ƙarama mai huji. Kada a ba su ruwa sai sun nuna toho."

"Ba maganar fure na zo yi ba."

"Na sani. Ita kaɗai na iya."

Ya cire safar, ya wanke hannu har gwiwa, ya ɗauko rigar sanyinsa a jikin ƙusa.

"Ina za ka?"

"Paris."

Ta miƙe zumbur. "Ka haukace? Na ce maka Baba ya..."

"Ya ce sunana ya hita. To. Ba neman aure zan je ba. Abin da na shuka ya cuci tsohuwa, sai in zauna a Lyon in aika da gaisuwa ta waya? Uwata ba ta rene ni haka ba."

"Za su wulaƙanta ka."

"Su yi. Suna da hakki."

"Abdou na nan. Zai iya dukanka."

"Innarsa ce. In ya doke ni ba zan rama ba."

"Hassoumi, don Allah. In ka je, ɗan abin da ya rage ma zai lalace."

Ya tsaya a bakin ƙofar gilas, ya juyo. "Mi ya rage, Raliatou? Gaya mini, in na ji akwai shi sai in zauna."

Ta gyara mayafi, ta bi bayansa.

*

Ba su zauna kujera ɗaya a jirgi ba. Ita ce ta ce haka, shi kuma bai musa ba. Tana hango ƙeyarsa daga baya, ya kafe wuri ɗaya, yana goge faratansa da tsinken ashana. Ta rubuta wa Baba saƙo ta goge. Ta kira lambarsa, ta katse kafin ta shiga. Da suka fito daga jirgin metro a Bobigny rana ta yi ƙasa.

An sallamo Gwaggo tun da hantsi. Tana kishingiɗe a doguwar kujera, farin bandeji ya rufe rabin fuskarta. Baba na gefe da carbi. Abdourahamane na tsaye jikin taga, shi ya fara ganin wanda ke bayan Raliatou.

"Kai! Wa ya ba ka izinin shigowa?"

Hassoumi ya cire takalmi, ya yi sallama, ya durƙusa tun daga bakin falo.

"Alhaji, barka da yamma. Hajiya, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi, Allah Ya sa kaffara ce."

Gwaggo ta juya kai wajen muryar. "Wane ne?"

"Shi ne, Inna," in ji Abdourahamane. "Mai furen."

Baba bai dubi Hassoumi ba, Raliatou ya duba.

"Saƙona ke nan da kika isar?"

"Ta isar, Alhaji," in ji Hassoumi. "Ta hana ni zuwa ma, ni na ƙi. Na zo in nemi gafarar Hajiya. Ni na shuka, ni na kawo, ni na yi sakaci ban yi gargaɗi ba. Asiri kuwa, na rantse da Wanda raina ke hannunSa, ban san hanyar boka ba. Iyakar abin da na zo da shi ke nan. In kun ce in tashi, na tashi."

Baba ya ja carbinsa, ya ja, ya ja. Da ya yi magana, muryarsa ta sauko, Raliatou ta san ya yanke wani abu.

"Ka yi abin da ɗan mutunci ke yi. Ba zan ɓoye ba, ban zaci za ka zo ba. To ga tawa. Ɗiyata ba za ta je Lyon ta zauna da mai tonon ƙasa ba, kuma wannan itacen ba zai ƙara shiga inda nake ba. Ka bar gonar. Ka dawo Paris, in ba ka gefe a shago, ka koyi kasuwanci ƙarƙashin Abdourahamane. In ka yi haka, ka turo magabatanka."

"Kawu!" in ji Abdourahamane.

"Ban sa da kai ba."

Abin da Raliatou ta daɗe tana roƙo ke nan, ga shi an ajiye a gabanta. Ta dubi Hassoumi. Kansa na ƙasa, ya damƙe gwiwoyinsa. Ta ga ya ɗago, ta gane daga yadda kafaɗunsa suka sauka cewa zai ce to. Zai bar gidan gilas ɗin da shekarun da ya zuba a ciki, ya tsaya bayan kantar shago yana liƙa wa wayoyi gilashi, Abdou yana aikensa.

"Alhaji, na amin..."

"Ba zai bari ba, Baba."

Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito haka ba.

"Raliatou," in ji Hassoumi, "bari in..."

"Yi shiru. Baba, ka yi haƙuri. In ya bar aikinsa saboda ni, wanda zai zo shagon ba shi ba ne. Zai yi biyayya, zai yi shiru, kullum in dube shi in san ni na kashe shi. Ba na son auren da aka saya da wannan."

"Ni kike gaya wa haka? A gaban baƙo?"

"Ban taɓa yi maka musu ba, Baba. Yau ma ba da son raina ba." Hawaye na zuba, ba ta share ba. "Ka ce in rabu da shi, na je na faɗa. In ka ce in zauna ba aure, zan zauna in yi maka hidima har ƙarshen raina. Amma kada a raba shi da abin hannunsa a ce don ni."

Alhaji Maazou ya miƙe tsaye.

"Na buɗe miki ƙofa kin rufe a fuskata. To tunda kin yi girman da za ki zaɓa wa namiji sana'a, kin yi girman da za ki nemi wurin kwana. Ba ni makullin gidana."

"Alhaji, a'a!" Hassoumi ya matso da gwiwa. "Don girman Allah, a'a. Ni zan tahi, ba za ku ƙara jin sunana ba. Ku kore ni, kada ku kore ta. Ba ta da kowa sai ku."

Baba bai kula shi ba. Hannunsa na miƙe.

Raliatou ta buɗe jaka. Ta fito da makullin, ta kasa sa shi a hannun ubanta, ta ajiye a kan tebur. Ƙarar ƙarfen a kan gilas ta cika ɗakin.

"Maazou."

Gwaggo ce. Ta yunƙura ta tashi zaune, tana laluben teburin har hannunta ya faɗa kan makullin.

"Yaya, ki kwanta."

"Ka yi mini shiru. Idona ne ko naka? Ni na ɗauki wuƙa, ni na yanka, ba wanda ya riƙe mini hannu. Yarinyar nan ta ce in ajiye, na ji ta. Ɗiyar marigayiya Asma ba za ta kwana a titin Faransa ba a ce saboda ni. In ka kore ta, ka haɗa da jakata."

Ta miƙa makullin cikin iska, ba daidai inda Raliatou take ba. Raliatou ta matso ta karɓa da hannu biyu.

"Kai kuma, mai fure."

"Na'am, Hajiya."

"Ban yafe maka ba. Kada ka tafi kana cewa na yafe."

"To, Hajiya."

"Laraba za su kwance wannan tsumman. In Allah Ya maido mini da gani, ka zo in dubi fuskarka, ni na san abin da nake nema a fuskar mutum. In bai maido ba, ka zo ka ga aikinka. Tashi ka tafi."

Hassoumi ya yi godiya, ya ja da baya har bakin ƙofa. Bai dubi Raliatou ba, ita ma ba ta yarda ta dube shi ba. Ƙofa ta rufe.

Baba ya ɗauki hularsa ya ce zai tafi masallaci, ya fita. Abdourahamane ya tsaya kamar zai yi magana, ya dubi uwarsa, ya dubi Raliatou, sannan ya bi bayan kawunsa.

Suka rage su biyu. Raliatou na durƙushe inda take.

"Lokacin maganina ya yi," in ji Gwaggo. "Tashi ki ba ni."

Ta kawo ƙwayar da ruwa. Gwaggo ta haɗiye, amma ba ta saki hannunta ba. Ta riƙe wuyan hannun gam.

"Kada ki ɗauka na canja," ta ce daga baya. "Har gobe ɗana nake so miki."

"Na sani, Gwaggo."

"Amma ido ya tafi, kunne na nan." Ta sassauta murya, kamar mai jin kunyar bango. "Ana karɓar makulli a hannunki, baƙo yana ja da gwiwa yana roƙo. Ɗana na tsaye jikin taga. Na kasa kunne, Raliatou, na jira. Ko tari bai yi ba."